Jirgi Ya Riga Tsintsiya

Mai Walda na tsugune a bakin shagonsa da sassafe yana haɗa ƙyauren wata ƙofa, sai ga kiran matarsa. Wata huɗu ke nan tana ƙasar waje, wurin 'yarsu da ta haihu.

"Malam, ga ni a filin jirgi. An matso da tafiyar, yau zan taho. Ƙarfe goma za mu tashi."

"Yau ɗin nan?"

"Ko in koma?"

"Haba, wa ya ce? Awa nawa ne a sama?"

"Sun ce shida. Gida dai lafiya ko?"

"Tas, kamar yadda kika bar shi."

Ya lissafa da yatsu: goma da shida, ƙarfe huɗu ke nan. Ya rufe shago, ya kira ƙanwarsa ta zo ta cece shi.

Da ta leƙa kicin, sai ta dafe ƙirji. Tukwane sun yi tsiri har bakin taga, wata ma ta fara fitar da gashi. A falo kuwa, kujerar matar gidan ta zama ma'ajiyar wayoyin walda.

"Yaya, nan mutum ke kwana ko awaki?"

"Ke dai kama, surutun a bari sai gobe."

Ita ta ɗauki wanke-wanke, shi ya tuɓe riga ya naɗe ƙafar wando. Ya jiƙa zannuwa, ya kakkaɓe labule, ya yi ta atishawa. Can ya kama kansa yana 'yar waƙa. Rabon da gidan ya ji motsi haka tun ranar da matarsa ta tafi.

Wajen ƙarfe uku yana durƙushe yana goge ƙasan falo, ya ji tsayuwar tasi. Kafin ya miƙe, ga ta a bakin ƙofa da akwati.

"Ba sai huɗu ba?" ya ce, tsumma na ɗiga a hannunsa.

"Agogonsu ya riga namu da awa biyu, Malam. Gomansu takwas ɗinku ce. Na yi ta kira ba ka ɗauka ba."

Wayar na aljihun rigar da ya cusa ƙarƙashin kayan wanki.

Ƙanwar ta fito da kumfa har gwiwar hannu, suka rungume juna da matar yayanta. Matar ta dubi zannuwan da ke kan igiya, ta dubi mijinta, furfurarsa duk yanar gizo. Ya jira faɗa. Sai ta cire takalmi, ta taka a hankali ta gefen da ya bushe, ta zauna a kujerarta ta miƙe ƙafa.

"Kawo tsumman, Yaya, ka je ka yi wanka," in ji ƙanwar.

"A'a, bar masa," in ji matar, tana ciro hotunan jariri daga jaka. "Shekara talatin ban taɓa ganin wannan ba. Zo ki ga jikanki. Malam, akwai saura a bayan ƙofa."