Rigar Socha

Shekara saba'in da huɗu Don Hermógenes Tumay ya yi yana haɗiye magana ɗaya. A garinsu, can filayen shanu na Casanare, da an ci an ƙoshi sai wani shaƙiyyi ya tuna wa jama'a cewa kakan kakan su Tumay ya tafi yaƙin 'yanci da mashi, ya dawo sanye da rigar mata. Wai sajewa ya yi da mata ya tsere. Abin haushin, rigar tana nan a naɗe cikin gwangwanin biskit, an kasa jefar da ita, an kasa nuna ta.

Shi ya sa ya tasa 'yarsa Nubia a gaba sai da ta kawo shi Pantano de Vargas, filin da aka gwabza yaƙin, inda aka kafa mutum-mutumin jarumai aka rubuta sunayensu. In sunan kakan yana cikin na jarumai, shi ke nan. In babu, ya rantse a nan zai ƙone rigar.

Da suka sauka daga mota, tsoho ya ɗaga kai. Mahaya goma sha huɗu na tagulla sun tashi sama da dawakansu, kowa da mashinsa a miƙe, sai ka ce ƙasa ta yi musu kaɗan. Shi da ya tsufa a kan sirdi bai taɓa ganin doki ya yi irin wannan zabura ba. Tsoro ya ji, da wani girma da ya cika masa ƙirji.

"Karanto min sunayen," ya ce a hankali.

Nubia ta karanta, ta maimaita. Babu Tumay.

"Baba, goma sha huɗu fa kawai aka rubuta, alhali tarin mutane ne suka yi yaƙin."

"Ba ni ashana."

Ya zauna a matakala ya buɗe gwangwanin. Kusa da shi akwai wata tsohuwa, Doña Ercilia, mai sayar da ruwan mazarƙwaila mai zafi da cuku.

"Sumercé," in ji ta, yadda mutanen tudu suke girmama kowa, "ku 'yan fili ba ku da dama. Ɗan sanyin nan ne har za ka hura mana wuta?"

Sai idonta ya kai kan rigar. Ta ajiye ludayi, ta goge hannu, ta shafa ɗinkin wuyan da ɗan yatsa.

"Ina ka samo rigar Socha? Garinmu ke nan. Haka kakata take ɗinka wuya."

Da ƙyar ya faɗa mata, kansa a ƙasa. Tsohuwa ta dube shi kamar ta mare shi.

"Gudu? Bawan Allah, mutanenku kusan tsirara suka sauko mana daga kan dutse, sanyi ya kashe na kashewa a hanya. Aka tara gari a coci, kowa ya tuɓe abin da zai iya. Da na maza suka ƙare, mata suka cire nasu. Da rigunanmu aka hau doki a filin nan. Mai gudu ai tun a dutse ya juya, bai ga Socha ba, balle a ba shi riga."

Don Hermógenes ya dubi mahayan, ya dubi filin da ya yi kore shar, shanu suna kiwo a inda aka zubar da jini. Sannan ya cire hularsa, wadda ko a coci sai an yi da shi yake cirewa, ya miƙa wa tsohuwar rigar da hannu biyu.

"Ashe aro ce, Doña. Ki yi haƙuri, mun jinkirta."

Ta karɓa, ta warware ta a hankali don kada ta yage, ta yafa masa a kafaɗa.

"Ba ka ga kana rawar sanyi ba?"

Motar masu yawon buɗe ido ta tsaya, mutane suka firfito suna kallonsa. Nubia ta kai hannu za ta cire masa, ya riƙe hannun nata.

"Bar ta," ya ce. "Ɗauke ni hoto, a kai gida."