Gwangwanin Mama Lydia

Farantin gwaji na sha bakwai ne ya tona asiri. Dakta Asabe ta ɗaga shi ta hasken taga, sai ga ƙwayoyin cuta sun tsiro ɗigo-ɗigo, kamar an watsa gero. Su ne sak waɗanda ta samu a cibiyar jarirai tara da suka mutu a wani ƙaramin asibitin haihuwa a unguwar Kakuri.

Jami'a ce ta turo ta a 1984, kuma wata goma sha huɗu ta yi tana farautar inda cutar take fitowa. Ba abin da ba ta goga wa auduga ta shuka a faranti ba: almakashi, tawul, bakin famfo, har hancin ma'aikata. Shiru. Sai ran nan ta ga Mama Lydia, babbar ungozoma, ta zaro gwangwani daga aljihu, ta lakato man kaɗanya, ta shafa wa jariri a cibiya tana addu'a. Shekara talatin haka take yi wa ɗan kowa, Musulmi da Kirista. Gwangwanin bai taɓa ƙarewa ba balle a wanke shi. Da ya yi ƙasa sai ta ƙara sabo a kan tsoho. Wannan man ne Asabe ta shuka a faranti na sha bakwai.

Wayyo, da ma wani ne! Wannan matar ce ta karɓi haihuwar Asabe kanta.

Asabe ta same ta a baranda tana ninke zannuwa.

"Mama, zan karɓi gwangwanin nan."

"Ke Asabe, boko ya hau miki kai? Da shi na shafa miki taki cibiyar, ga ki nan garau."

"A lokacin lafiya lau yake, Mama. Yanzu cutar tana ciki."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon farantin da Asabe ta miƙa mata.

"Su nawa?"

"Mama, ai ba da gangan..."

"Na ce su nawa?"

"Tara."

Mama Lydia ta fara kiran sunayen iyayensu mata ɗaya bayan ɗaya, ba ta manta ko guda ba. Sannan ta ajiye gwangwanin a kan benci. Ƙarshen wata ta bar aiki.

Mace-macen suka tsaya cak. Aka buga binciken a mujallar masana, aka ƙara wa Asabe girma. A takardar ba ta ambaci sunan kowa ba, amma ita kam ba ta taɓa iya sake karanta ta ba.

Bayan shekara biyu Asabe ta haihu. Ta ɗauki jaririyar har gidan Mama Lydia a unguwar Television, ta durƙusa ta miƙa mata.

"Ga takwararki, Mama. Ki sa mata albarka."

Tsohuwar ta leƙa fuskar yarinyar, ta yi murmushi, idonta ya cika da ƙwalla. Sai ta mai da hannuwanta biyu baya, ta ɓoye su cikin zani.

"Riƙe ta daga nan, 'yata. Ina ganinta."