Bugun Gayya

Ƙararrawar makarantar wani tsohon ƙarfen tayar mota ne da ke rataye a jikin itacen dogon yaron tsakiyar fili. Malam Mahadi, malamin wasanni, shi ke buga shi, kuma yana ji da wannan aiki. Sai ya naɗe hannun riga, ya ɗauki guntun rodi, ya hau ƙarfen da duka ba ƙaƙƙautawa, har mutanen bakin kasuwar Bungudu su san an fita tara.

Ranar Talata, yana fara bugu Hussaina, 'yar aji uku, ta sake gudu.

Malama Bara'atu, malamar aji uku, tana rubutu a allo ta ji benci ya kife. Kafin ta juyo, gefen hijabin yarinyar kawai ta gani yana ficewa ta taga. Da can bayan makewayi take ɓuya. Wannan karon ta haura inda katanga ta rushe, ta tsallaka babban titin Gusau a gaban wata tirela. Ƙarar birkin nan har cikin ƙirjin Bara'atu. Wata mai tuyar awara ce ta riƙe yarinyar a tsallake, ta dawo da ita ba takalmi.

Hedimasta, Malam Tajuddeen, dattijo ne mai son yara, amma ranar fuskarsa ba wasa.

"Malama, na yi faɗa, na yi bulala, na yi lallashi. Yau saura kaɗan mu kai wa mutane gawa. In ta ƙara ko sau ɗaya, gida za ta zauna."

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ƙin karatu take ba. Kowa ta riga zuwa. Hannunta ya fi na kowa kyau a ajina."

"To me ke korar ta?"

"Shi zan gano."

"Kin gano kafin Litinin, madalla. Ni dai na faɗa miki."

A bakin ofis ta ci karo da Mahadi, yana juya rodinsa a hannu.

"Likitar zukata, an sallame ki?"

"Kai dai je ka ci gaba da fasa mana kunne, sarkin maƙera."

Ya yi dariya, ita ma ta so ta yi, amma ta kasa. Ta hango Hussaina a gindin bango, ta haɗa kai da gwiwa, yara sun yi mata da'ira daga nesa suna raɗa wai mai iska ce.

Ranar ba ta bi motar Gusau da wuri ba kamar yadda ta saba. Bayan la'asar ta nemi gidan da kakar Hussaina take. Ɗaki guda ne wasu dangi suka ba su a zauren baya, tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu can bayan duwatsun Kwatarkwashi. Ta tarar da Inna Dije tana murza ƙuli-ƙuli, mai na ƙyalli a yatsunta.

"Malama, na ji abin da anka yi. Ku bar min ɗiyata gida, ta taya ni aiki. Mutane sun ce a kai ta a yi mata ruƙiyya."

"Addu'a ba ta da laifi, Inna, mu ma muna yi mata. Amma ina so in tambaye ki. A gida tana irin wannan gudun?"

"Ko kusa. Sai dai in ta ji babura sun yi yawa ta shige bayana."

"A makaranta kuwa ba babur ke tashin ta ba. Na lura, sai an buga ƙarfe."

Hannun tsohuwar ya tsaya cak a cikin kwano.

"Wane ƙarhe?"

"Na tayar mota, wanda muka rataye a itace. Da shi muke shiga, da shi muke fita."

"Yaya kuke bugunsa?"

Bara'atu ta ɗauki ludayi ta ƙwanƙwasa gefen kwano da sauri-sauri, yadda Mahadi ke yi. Inna Dije ta cafke hannunta.

"Bari, ɗiyata! Bari!"

 Tsohuwar ta share ido da bakin zane.

"Mu ma muna da irinsa garinmu, ƙofar masallaci. Ubanta, Allah ya jiƙan shi, shi ka bugunsa. In anka buga shi da sauri ba tsayawa, ba a tambayar kowa mi ya faru. Mai goyo ta ɗau goyonta, mai tuwo ta bar tuwonta, kowa ya yi daji. Tun suna rarrafe munka koya masu haka. Ranar da sunka shigo, shi ya tsaya yana bugu har munka tsere. Shi bai tsere ba."

Hawaye suka zubo wa Bara'atu, ba ta ma yi ƙoƙarin ɓoye su ba. Ashe kullum, safe da rana, makaranta na ce wa yarinyar nan ta gudu, sannan a zane ta don ta bi umarni.

"To kafin tashin hankali, Inna, ba a buga shi?"

Fuskar tsohuwar ta ɗan saki.

"Ana yi mana. Bugun gayya. In za a taru a yi ma wani noma, sai a buga shi sannu, a bari ƙarar ta mutu kafin a ƙara wata. Wannan kira ne na daɗi. Yara har tsalle suke, don sun san ranar akwai hura da tuwo bakin gona. Hussaina kan kahaɗarsa take zama in zai buga."

Da safe Bara'atu ta shiga ofis da ƙarfinta, ta kwashe labari ta faɗa wa hedimasta, Mahadi na tsaye a ƙofa. Malam Tajuddeen ya cire hula ya ajiye a tebur, ya daɗe yana kallon hular.

"Innalillahi. Da hannuna na dake ta." Ya numfasa. "A sauke ƙarfen nan yau."

"A'a, ranka ya daɗe, kada a sauke. Duniya cike take da ƙarfe, ba za mu sauke mata duka ba. A canza bugun kawai. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Ka duba 'yan rugar nan da suka zo daga wajen Tsafe, in an buga sai su toshe kunne su sandare. Su ba sa gudu, shi ya sa ba wanda ya kula."

Mahadi ya dubi rodin hannunsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Ni ina ganin burge yara nake," ya ce a hankali.

"Ka burge su da wani abin," in ji ta, amma da taushi ta faɗa.

Sauran kwanakin makon ba a taɓa ƙarfen ba, da baki Mahadi ke bin azuzuwa yana shela. Bara'atu kuwa kullum lokacin tara sai ta zauna da Hussaina a baranda su raba gyaɗa. Ba ta tambaye ta komai game da ranar ba. Sai ran Juma'a ta ce mata, "Inna ta ce kin iya bugun gayya. Mu nan duk ba wanda ya iya. Za ki koya mana?"

Yarinyar ta girgiza kai. Bara'atu ba ta matsa ba. Da aka tashi, tana haɗa littattafai, ta ji an ja mata hijabi.

"Malama, in kina riƙe da ni."

Ranar Litinin aka taru a fili. Hedimasta ya aika wa iyayen da suka yi gudun hijira, mata da yawa suka zo suka tsaya a inuwar katanga, Inna Dije a gabansu. Ya yi wa yara bayani ba ɓoye-ɓoye, ya ce tsoro ba hauka ba ne kuma ba iska ba ce, ya ce duk wanda ya ƙara kiran wani da wannan suna shi da shi ne. Sannan a gaban kowa ya ce, "Hussaina, ki yafe min."

Bara'atu ta kama hannunta na hagu suka nufi dogon yaron. Tafin yarinyar ya jiƙe da gumi. Suna isa ta ja baya, idonta ya koma kan rusasshiyar katangar nan. Bara'atu ba ta ƙara damƙe hannun ba. Ta durƙusa dai kusa da ita ta ce, "Ina nan. In ba yau ba, gobe ma rana ce a wurinmu."

Mahadi ya rage tsawo, ya miƙa mata rodi da hannu biyu.

"Ga shi, Malama Hussaina. Ɗalibinki na saurare."

Yara suka yi dariya, wani ɗan murmushi ya suɓuce mata. Ƙarfen ya yi mata nisa, sai Mahadi ya dubi Inna Dije, ta gyaɗa kai, ya ɗaga yarinyar ya ɗora a kafaɗa. Bara'atu ta miƙe tana riƙe da yatsunta.

Ta buga sau ɗaya. Ƙarar ta tashi, ta zaga fili, ta yi ƙasa a hankali har ta mutu. Sai da shiru ya dawo ta ƙara. Daga inuwar katanga wata mata ta rangaɗa guɗa tana kuka, sauran suka ɗauka. 'Yan rugar nan hannuwansu na gefensu, ba su kai kunne ba.

Hussaina ba ta warke ranar ba. Har yanzu in babura sun wuce a jere takan nemi gefen Malama Bara'atu, kuma akwai ranakun da ba ta magana da kowa. Amma ba ta sake bin taga ba, sunanta na nan a aji uku. Duk Juma'a iyaye kan zo su zauna da malamai a gindin itacen, a yi hira, mai kuka ya yi, a watse da addu'a.

Wata rana Mahadi ya makara, ya taho da gudu ya ɗaga rodi sama irin na da. Wata murya ta fito daga tagar aji uku.

"Malam! Sannu-sannu!"

Ya tsaya da hannu a sama, ya waigo. Hussaina ce ta leƙo tana harararsa, Bara'atu a bayanta ta rufe baki da littafi tana dariya. Ya sauke hannu, ya buga sau ɗaya, ya tsaya yana jiran ƙarar ta mutu.