Zanen da Suhaibu Ya Bari

Inna Maiturare ba ta taɓa yarda cewa zane sana'a ce ba. Ɗanta Suhaibu ya yi shekaru yana koyar da shi a wata sakandare a Daura, amma in an tambaye ta aikinsa sai ta ce malamin makaranta ne, ta ja bakinta ta tsuke. Da ciwon hanta ya ɗauke shi, a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, sai zanen ya tashi daga abin kunya ya koma abin tsoro. Ta ji a wa'azi, ba sau ɗaya ba, cewa duk wanda ya zana abu mai rai, gobe kiyama za a ce ya busa masa rai, kuma ba zai iya ba. Tun daga ranar tuwo ya daina wuce mata.

Maganin abin kuwa kowa ya san shi tun yana wasan ƙasa. In ka zana mutum, sai ka ja masa layi a wuya, ka yanka shi, shi ke nan ya fita daga sahun masu rai. Don haka bayan sadakar arba'in ta ja ƙanwarta Shatu suka hau mota daga Sandamu, suka sauka gidan marigayin, inda matarsa Hadiyya ke zaman takaba.

Bayan an gaisa an sha ruwa, Inna ta faɗi abin da ya kawo ta. Hadiyya ta ce yawancin aikinsa itatuwa ne da gine-gine, guda ɗaya ne kawai mai mutum a ciki. Ta shiga ƙuryar ɗaki ta fito da shi, ta jingina a bango inda haske yake. Fentin mai ne a kan ƙyalle da aka ɗame a katako, har yanzu da ɗan warinsa.

Wata mace ce ta ba da baya, ƙeyarta da kafaɗarta sun cinye rabin zanen, ba a ganin fuskarta ko kaɗan. Ban da ita komai ya karkace. Gonar gero ta kwanta gefe guda, rijiya ta haye sama kusa da gajimare, fararen shanu suna tafiya ƙafafunsu ba su taɓa ƙasa. Wata kuka ta rabu biyu kamar an girgiza ta. Launin duka ruwan zuma ne, irin na bayan la'asar.

Shatu ta karkata kai ta ce, "Yaya, anya yaron nan bai sha wani abu ba ranar da ya yi wannan?"

Inna ba ta yi dariya ba. Ita mace ce da matan unguwa ke kawo wa mafarkinsu tare da kuɗin turare, kuma ba ta taɓa cewa ban sani ba. Ta gyara zama ta fara fassara. Rijiya a sama, ta ce, ruwan mutum ne ya ƙare a duniya. Shanun da ba su taka ƙasa, masu rakiya ne. Matar da ta juya baya kuwa duniya ce, ai haka take yi wa kowa. "Ya ga tafiyarsa," in ji ta, "ya rasa wanda zai gaya wa."

Hadiyya ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, amma lafiyarsa ƙalau lokacin da ya yi shi. Yana yi yana 'yar waƙarsa. Na tambaye shi ina ne nan, ya ce wurin da ya fi ko'ina daɗin barci ne. Iyakar abin da ya ce ke nan."

"To kin ji. Akwai barcin da ya wuce na kabari?"

Ta ce a kawo mata baƙin fenti da burushi. Hadiyya ta kawo. Ta ce, "Inna, in na dube shi sai in ji kamar yana tsakar gida."

"'Yar nan, ke abin kallo kike so, ni so nake ya kwanta lafiya."

Ta miƙe ta matsa gaban zanen, ta ture mayafinta baya don kada ya shafi fenti. Shatu tana tsaye a bayanta. Ita ce ke yi wa yayarta kitso tun suna 'yan mata, kuma sai ga ƙeya biyu a gabanta, ɗaya ta fenti ɗaya ta nama. Tabon ƙaho uku a jere, da baƙar tawadar Allah a ƙarƙashin kunnen hagu. Wasan ya fice mata daga baki.

"Yaya, dakata. Ai ke ce."

Ta kama yatsan Inna ta ɗora mata a kan tabon ɗaya bayan ɗaya, sannan ta nuna mata su a zanen. Inna ba ta taɓa ganin ƙeyarta ba, wa ya taɓa ganin tasa? Sai a lokacin ta lura da wani abu a can ƙasa, wanda ta ɗauka ƙullin zani ne. Ɗan ƙaramin hannu ne, ya damƙe bakin rigar matar.

Nan take komai ya miƙe mata. Haka duniya take ga wanda aka goya, ya kwantar da kunci a bayan uwarsa, tana tafiya tana jijjiga shi. Hanyar rijiyarsu ce ta Sandamu, da kukar da ke bakin gonar mahaifinsa.

Suhaibu ɗan fari ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, in ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Haka aka yi mata tarbiyya, kuma ta riƙe ta da kyau har ana yabonta. Ashe ƙeyar da ta ba shi ce ya riƙe, bai kuma ga laifinta ba, har ya zauna ya yi masa launin zuma. Baƙin ciki da daɗi suka haɗe mata. Ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, su biyun suka bar ta ta yi.

Da ta lafa, Hadiyya ta miƙa hannu a hankali za ta karɓi burushin. Ta ɗauka an fasa. Inna ta riƙe abinta.

"Da ina tsoron hannuna zai yi nauyi a kan baƙuwa," in ji ta. "Tunda nawa ne, da sauƙi. Wuyan nan ya ɗauke shi yana raye, ba zai gaza masa yanzu ba."

Ta share ido da gefen mayafi don ta gani sosai. Ta yi bisimilla, ta ja layin siriri daga wannan gefe zuwa wancan, ta bi ta ƙasan tabon don kada ta rufe su, hannunta bai karkace ba.