Tutiyar da Ekow Ya Shafa wa Fenti

Tun kafin a gama janyo jirgin kamun kifinta kan yashin gaɓar tekun Sekondi, Maame Kuukua ta hango abin da ya ɗaga mata hankali. Sandar farfela ta yi rami-rami, ƙarfen juya jirgi kuwa tsatsa ta cinye shi har ana hangen haske ta ciki. Ga lokacin kifi ya kama, jiragen maƙwabta sai loda ƙanƙara suke yi. Da jirgin nan kaɗai take ciyar da gidansu, tun da kawunta ya rasu ya bar mata shi.

Ta durƙusa tana neman dunƙule-dunƙulen tutiya, farin ƙarfen nan da ake ɗaurewa a gindin jirgi. Ga su nan lafiya lau, sun sha shuɗin fenti sai ƙyalli suke.

"Wane mara hankalin ne ya yi wannan?"

Ƙanenta Ekow, wanda ta damƙa wa kula da jirgin, ya matso yana washe baki. "Ni ne, Yaya. Duk shekara teku na cinye su, ke kuma kina sayen sababbi. Dubi bana, ko ƙwarzane babu!"

Kai, ran Kuukua ya ɓaci.

"Ko ƙwarzane babu? Don a cinye su ake ɗaura su, sakarai! Ƙarfe biyu in suka haɗu a ruwan gishiri batir suke zama, lantarki na gudana tsakaninsu, dole ɗaya ya narke. Tutiya ce ke narkewa don farfela ta tsira. Ka rufe ta da fenti, ruwa bai taɓa ta ba, to me kake so gishiri ya ci? Kanka?"

"Ai shekara ɗaya ce kawai..."

"A ruwanmu mai ɗumin nan? Ɗumi gaggauta cin yake yi, ba ya jiran kowa!"

Maƙerin da ke gyaran jirage ya ƙwanƙwasa sandar, ya girgiza kai. Sabuwa sai an yo odarta daga birnin Tema, kafin ta iso kuwa kifi ya wuce.

Ekow ya sunkuyar da kai. "Wallahi tausayinki na ji."

"Tausayina? Da kana tausayina da ka tambaye ni. Kuɗin makarantar 'ya'yanka, maganin Inna, duk a jikina ake ci, kullum ina ƙarewa kuna tsaye garau. Ni ba ka taɓa tausaya mini ba, sai guntun ƙarfe!"

Jiragen maƙwabta suka fara ficewa, masunta na waƙa. Kuukua ta karɓi sifana daga hannun maƙerin, ta kwance dunƙule-dunƙulen da kanta, ta zube masa su a hannu.

"Ungo. Kai wa matarka ta soya, ku ci da tuwon dokunu. Abin da muka kama bana ke nan."