Kiɗa a Ƙarƙashin Haɓar Kada

Wani dare bayan sallar isha, Ashafa yana kishingiɗe a tsakar gidansa, a wani ƙauye kusa da Gubuchi, sai ya ji wata ƙara da bai taɓa jin irinta ba. Ba kukan tsanya ba ne, ba kuma na sauro ba. Kamar dai a ce an kamo waɗansu makaɗa masu tsawon ɗan yatsa, an zuba su a gwangwanin madara, suna ta kiɗa suna neman hanyar fita. Ya tashi ya bi ƙarar har jikin dangar da ta raba shi da maƙwabcinsa Sada, ya leƙa ta wata kafa.

Sada ne zaune a kan turmi, ya kara gwangwani a kunne, yana kaɗa kai shi kaɗai. A cinyarsa akwai wata 'yar rakoda wadda ba ta fi sabulun wanki girma ba. Ƙanin matarsa mai tuƙin tirela ne ya kawo masa ita daga Ikko. Irin wadda ba ta da lasifika ce, sai an sa mata abin kunne ake jin ta. Nata abin kunnen kuwa ya karye, saura ɓari ɗaya yana lilo a jikin waya, shi ne Sada ya jefa cikin gwangwani don ƙarar ta ɗan kumbura.

"Wa ke nan? Ɗan Kaduna ne?" in ji Sada, da ya ji motsin danga. "Zagayo ka ga ikon Allah. Kai da ka zauna a birni, ran Laraba ka raka ni kasuwar Makarfi ka zaɓa mini abin kunne na kirki. Amma fa mai araha, ka san zamanin da muke ciki."

Ashafa ya ce to. Ya koma ya kwanta, amma bai runtsa da wuri ba.

Akwai wata fadama a bayan ƙauyen, ƙasarta baƙa wuluk, raken da ake yi a cikinta sai mutum ya sa hannu biyu yake karya shi. Ta Baba Maiwada ce, dattijon da ya fi kowa shekaru a garin. Mahaifin Ashafa ya noma ta aro har ƙarshen ransa. Baba Maiwada ba ya karɓar galla, ba ya neman ko kara ɗaya. Abin da yake so kawai gaisuwa. Duk mai noma gonarsa sai ya sauka daga keke a ƙofar gidansa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, a yi gaisuwa tun daga kwana har zuwa awaki.

Lokacin da mahaifinsa ya rasu, Ashafa yana aiki a masaƙa a Kaduna. Kowace salla yakan aiko wa Sada da goro da turmin yadi ya kai wa Baba da gaisuwarsa. Sai soja suka hau, aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, masaƙa ta sallami ma'aikata. Ashafa ya dawo gida da katifa da tukunya, ya tarar da Sada tsaye a tsakiyar fadamar yana ba ruwa hanya. Da ya je wurin Baba Maiwada, tsohon ko kallonsa bai yi ba.

"Tun da ubanka ya kwanta dama ko ɓarin goro ban gani ba. Sada ya ce ka zama ɗan birni, durƙuso yana ɓata maka wando."

"Baba, wallahi na aiko."

"Ko ka aiko ban gani ba. Ƙafarka fa, me ya same ta?"

Daga ranar Ashafa ya koma ɗaukar raken mutane zuwa injin mazarƙwaila. Bai taɓa tayar wa Sada da maganar ba. Amma yakan ga matar Sada ta wuce ɗaure da zanen da shi ya zaɓa da hannunsa a Kaduna, sai ya ji bakinsa ya yi ɗaci kamar ya tauna maɗaci.

Ran Laraba suka tafi Makarfi, Sada yana tuƙa keke, Ashafa a baya. Sun wuce wani dogon layi na masu jiran sabulu da madarar gwamnati, wani soja yana zagaya su da bulala. Can bayan 'yan rake suka sami rumfar Nehemiya, mai sayar da batir da kaset da kayan rediyo. Ya rataye abubuwan kunne a jikin igiya kamar kilishi.

Nehemiya ya fara sauko da wani babba, mai ƙarfe da ke bi ta saman kai, da soso ruwan lemo a kowane ɓari. Ya ɗora wa Sada, ya danna rakoda. Sada ya zabura ya waiga baya, ya zaci makaɗan suna tsaye a ƙeyarsa.

"Wannan ɗan Japan ne," in ji Nehemiya. "Ganga a hagu, mawaƙi a dama. Kuma ko an kira ka kana ji, don soson ba ya toshe kunne."

Da ya faɗi kuɗinsa, Sada ya cire shi da sauri kamar ya ƙone shi. "Haba Nehemiya! Kunne zan sa wa, ba ɗaki zan yi wa kwano ba."

"To ga na gwanjo. Wani ya sha daɗinsa a Turai ya bar maka saura."

Ashafa ya karɓa ya juya shi, ya murza wayar a gindin filogi, kiɗan ya ɗauke ya dawo. "Wannan ba zai kai kaka ba. Dubi soson ma, da dauɗar kunnen Bature a jiki." Yana magana, idonsa yana kan wasu 'yan ƙanana baƙaƙe a ƙarshen igiya, kamar ƙwayar gujiya biyu a bakin zare. "Waɗancan fa?"

"A'a, waɗannan na 'yan makaranta ne," in ji Nehemiya. "Cusa su ake yi cikin ramin kunne. Sun fi kowanne araha, amma muryarsu siririya ce, kuma in ka sa su ko tirela ta yi maka ham ba za ka ji ba. Malam Sada, ni da za ka bi ta tawa, ka ƙara haƙuri ka tara ka sayi mai soson."

"Ka ji ɗan kasuwa," in ji Ashafa yana dariya. "So yake ka sayar da akuya. Mutumina, ka ɗora wancan ƙarfen a ka, ka shiga gari kamar direban jirgin sama, kowa ya san kana da rakoda. Kafin azahar surukanka sun aiko aro, batir ɗinka ya ƙare a kunnen wasu. Wannan kuwa, ka bi da wayar ta cikin riga, ka sa hula haɓar kada, ka sauke kunnuwanta. Wa ya sani? Daga kai sai makaɗanka."

Sada mutum ne da ba ya son a ari ko allurarsa. Ya sayi ƙananan, suka zarce layin 'yan hula ya sayi haɓar kada shuɗiya. Nehemiya ya bi su da kallo yana girgiza kai.

Tun daga nan Sada ya shiga wata duniya. Yana noman rake yana rausaya, yana tuƙa keke yana murmushi, kaji suna watsewa a gabansa bai san suna yi ba. Mutane suka ce ko iska ce ta shafe shi a fadama. Abu ɗaya ne yake damunsa: kullum da safe in ya zo ƙofar Baba Maiwada sai ya ɓuya bayan rumbu, ya ɗaga hula, ya zare abin kunnen, ya yi gaisuwa, sa'an nan ya sake neman wurin ɓuya ya mayar.

"Wahalar banza," in ji Ashafa wata rana suna shan rake. "Gaisuwar Baba ai ko jariri ya haddace ta. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina labari, sai alheri. Madalla, madalla. Tun muna yara ta taɓa canzawa? Ka dubi bakinsa kawai, in ya rufe ka amsa."

Sada ya gwada washegari, ya dawo yana ƙyalƙyala dariya. "Wallahi ɗan Kaduna, kai shaiɗan ne. Har albarka ya sa mini, na gani a hannunsa."

Haka aka yi ta yi har rake ya nuna. Ashafa yakan tsaya nesa yana kallon Sada durƙushe, kafaɗarsa tana motsi kaɗan-kaɗan, tsoho yana ta jero tambayoyi. Bai san ranar da yake jira ba, ya dai san za ta zo.

Ta zo ne wata safiya. Ashafa ya fita bakin titi neman motar da za ta kwashi mazarƙwaila, sai wani baƙo ya sauko daga mota, idanunsa jajur, ya tambaye shi gidan Baba Maiwada. Ya ce daga Zariya aka aiko shi. Iliyasu, ɗan Baba na fari, motarsu ta faɗi jiya da yamma, bai kai asibiti ba.

Ashafa ya yi salati, ya nuna masa hanya. Iliyasu ya taɓa goya shi a keke suna yara. Ya tuna da wannan, ya kuma tuna da baƙar ƙasar fadama. Sa'an nan ya shiga shagon bakin titi ya sayi batir sababbi, ya bi ta bayan gari da sauri, ya sami Sada yana fito da keke.

"Maƙwabci, ga batir na samo maka. Naka na ji jiya ya fara jan murya."

"Kai, Allah ya bar zumunci!" Sada ya zuba su, Ashafa da kansa ya murɗa masa ƙarar har ƙarshe, ya gyara masa kunnuwan hula, ya buga masa sirdi.

A ƙofar gidan Baba Maiwada mutane ba su riga sun taru ba, baƙon ya shiga ciki wajen mata. Tsohon yana zaune a kan buzunsa inda ya saba, da ƙanensa Malam Lawal a gefe. Matta, maƙwabciyarsu mai tuyar ƙosai, ta sauke kaskonta ta tsaya riƙe da baki. Sada ya jingine keke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Baba, barka da asuba. An tashi lafiya?"

Tsohon ya ɗago kai da ƙyar. "Sada, Iliyasu ya rasu."

"Lafiya lau, Baba."

"Na ce ɗana Iliyasu. Allah ya karɓi abinsa."

"Sai alheri, Baba. Madalla, madalla. Haka ake so."

Yana faɗa yana murmushi, kafaɗarsa tana hawa tana sauka. A daidai nan kuka ya ɓarke a cikin gida, shi kuwa bai fasa murmushi ba. Malam Lawal ya miƙe ya kai masa mari, hular ta yi tsalle ta faɗa cikin kwata. Ƙwayoyin nan biyu suka zubo suna lilo a ƙirjinsa, kiɗa yana fita daga cikinsu siriri, kowa yana ji.

Baba Maiwada ya daɗe yana kallon su. "Tun yaushe?" in ji shi.

Sada ya duba hagu ya duba dama, sai yanzu kukan matan ya shiga kunnensa.

"Ashe duk kwanakin nan da hula nake gaisawa," in ji tsohon. Ya juya masa baya.

Sada ya yi ta zarya kwanakin makoki, yana zama can bakin tabarma, kansa ba hula. Ya turo liman, ya turo mai unguwa. Ya fasa rakodar da dutse a gaban jama'a, abin bai yi amfani ba. Ashafa kuwa shi ne ɗiban ruwa, shi ne shimfiɗa tabarmi, kullum shi ne farkon durƙusawa.

Bayan an share makoki, Baba Maiwada ya sa aka kira su duka biyu a ƙofar gida, a gaban dattawa. Ya rame, muryarsa ta dushe.

"Sada, ka sare rakenka, naka ne. In ka kwashe, kada ka sake sa mini fartanya a fadama." Ya juya. "Ashafa, gonar da ubanka ya noma, ka koma cikinta."

Ashafa ya durƙusa har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. Yana jin numfashin Sada a bayansa, wani sanyi yana ratsa ƙirjinsa kamar ya sha ruwan randa da tsakar rana. Ya fara jero godiya, dattawa suna amsawa da amin.

Matta tana gefe tana kwashe ƙosai daga mai. Ta tsaya da matsami a hannu, ta karkata kai.

"Wai ni kam, Ashafa, ran nan ba kai baƙon ya ce ka nuna masa hanyar gidan nan ba, tun kafin Sada ya fito?"