Layi na Goma a Katin Baƙi

Katin da nake ba baƙi layi goma ne. Ni na rubuta shi, shekarar da na baro Osaka da digirina na dawo riƙe masaukin kakata Fusae Okazaki, a kan hanyar masu tattakin ibada ta tsibirin Shikoku. Turawa da 'yan Koriya suna shigo mana da farar riga da sanda, sun ɗauko zagayen wuraren ibada tamanin da takwas a ƙafa, amma ko ruwan sha ba su iya roƙa ba. Sai na rubuta musu yadda za su furta: sumimasen in za ka tsayar da mutum, arigato in an miƙo maka lemo a hanya, ina makewayi, akwai ɗaki, ƙafata ta kumbura.

Layi na goma nawa ne, kuma ba na ɓoye wa kowa ma'anarsa: "Daga masaukin Okazaki nake. Suna nan suna jiran Tokuji."

Tokuji babana ne. Da jirgin kamun kifinsa ya kife da yayana a ciki, teku ta tafi da yayan nawa, sai Baba ya sa farar riga ya ɗauki sanda. Zagayen wata biyu ne. Shi ya shekara biyar yana yi. An ce in hanya ta kawo shi kusa da garinmu, sai ya bi ta bayan dutse.

Kowane baƙo ina roƙonsa ya faɗi layin a duk masauki da rumfar hutu da ya tsaya. Muna maimaitawa a kan karin safe har bakinsa ya kama. Shugaban unguwa ya zo ya ce ina tallan asirin gida a bakin baƙi, in cire. Na sake buga katin da manyan haruffa.

"Shekara huɗu a jami'a," in ji Kaka, "kin ƙare a koya wa Turawa cigiyar ubanki kamar kyanwa ta ɓata."

"Ke kuma wa kike zuba wa shinkafa a kwano na uku?"

"Ɓera. Ya fi ku zuwa a kan lokaci."

Likita ya riga ya gaya mini zuciyarta ba lallai ta tsallake sanyin bana ba. Ban gaya mata ba. Ina jin ta sani.

Wata la'asar a watan Oktoba, ana yayyafi, wata doguwar mace 'yar Holan ta tsaya a ƙofa. Lotte sunanta. Zagayen ta baya take yi, daga na tamanin da takwas zuwa na ɗaya, don haka ba ta taɓa riƙe katina ba. Na ɗauko bokiti, don a al'adar hanyar nan sanda ake fara wanke wa ƙafa kafin mai ita. Sai na ga sanda biyu a hannunta.

Ta ajiye jaka. Ta rufe ido kamar yarinya za ta ba da hadda. Ta ce, da harshenmu na bakin teku:

"Inna, na dawo. Ki yi haƙuri, na daɗe."

Muryar ta mace ce. Amma jan kalmomin na Baba ne, har da ɗan gyaran maƙogwaron da yake yi a tsakiyar magana. Ta haddace har da shi.

Daga can cikin ɗaki Kaka ta amsa, ba ta ga kowa ba: "Sannu da dawowa. Cire takalmi, kada ka jiƙa mini tabarma."

Sannan ta fito tana dafa bango. Ta daɗe tana kallon baƙuwar, daga jiƙaƙƙen gashinta har takalmi.

Lotte ta yi mini bayani da Turanci. Kwana tara da suka wuce ta sami wani mutum a rumfar hutu kusa da inda ƙasa ta shiga teku. Yana tari sosai. Kwana biyu ya zauna yana koya mata kalmomin nan, ya ƙi gaya mata ma'anarsu, ya ce a ƙofar Okazaki kawai za ta faɗa. Ya ba ta sandarsa. Ya ce saƙonmu ya ji shi daga bakin mutum fiye da ɗari, har in baƙo ya kakare shi yake ƙarasa masa.

"Daidai na faɗa?" ta tambaye ni.

"Daidai."

Na durƙusa na wanke sandar. Hanya ta cinye ta, ta gajarce da kusan taƙi biyu. Sunansa da ya rubuta a jiki ya kusa gogewa. Ruwan bokitin ya yi ja da ƙasar wuraren da ban taɓa zuwa ba. Na goge ta, na kai ta ɗaki na jingine inda ake jingine sandar baƙo.

Kaka ta zauna a gaban sandar. "Ya dawo, Sumire. Ki bar shi haka."

"Icce ne ya dawo, Kaka."

Da safe na kwaso katunan duka, na bi layi na goma da biro na soke, na rubuta wani a ƙasa. Wasu mata biyu 'yan Koriya ne suka kwana a ɗakin sama, kuma su gaba suka nufa. Cikin kwana tara za su wuce ta rumfar nan. Na zaunar da su a kan miya da gasasshen kifi muka yi ta maimaitawa. Jimlar ƙarshe ta ba su wahala.

"Me yake nufi?" babbar ta tambaya.

Na gaya mata: "Sanda ta iso. Tsohuwa ba ta da wani sanyin a gaba. Saura kai."

Kaka tana ji daga kicin. Ba ta ce in soke ba. Matan suka fita cikin hazo, suna bita a tsakaninsu har na daina jin muryarsu. Da na koma ciki na tarar ta zuba kwano na uku, ta ajiye a gaban sandar. Na ɗauke shi na mayar kan tebur, wajen zaman Baba.